An manna sammaci a ƙofar gida, ya isa kuwa?

Malam, ka ce kana Kano aka zo gidanka a Daura aka manna sammaci a jikin ƙofa, kana tambaya ko ya zama dole ka je kotu.

Ka je. Amma kafin ranar zama, ka leƙa ofishin rajistaran kotun ka nemi a nuna maka fayil ɗin ƙarar. A ƙa'ida, masinjan kotu hannu da hannu zai miƙa wa wanda ake ƙara takarda, ya koma ya rubuta takardar rantsuwa cewa ya ba shi, a wuri kaza, ranar kaza. Ko mutum ya noƙe hannu ya ƙi karɓa, in an gaya masa abin da ke ciki aka ajiye a gabansa, an ba shi ke nan.

Manna takarda a ƙofa, ko buga ta a jarida, ko miƙa ta ga wani babba a gidan, sai alƙali ya bayar da izini tukuna, bayan mai ƙara ya nuna miƙa maka hannu da hannu zai yi wuya. Wannan izinin shi za ka duba. In babu shi, lauyanka na iya neman a soke isar da sammacin da aka yi, har da hukuncin da aka yanke a bayan idonka.

Ni dai ban ga amfanin ɓuya ba. Wasu sukan ce wa yara su ce ba sa nan, ƙarshe sai su ji an yanke hukunci. Ka ɗauki hoton takardar yadda take a ƙofar kafin ka ɓamɓare ta, ka rubuta ranar da iyalinka suka fara ganin ta.