Shawagin Jira: Yaya Za Mu Kira Sassansa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tuƙin jirgin sama ne. Idan aka hana jirgi sauka aka ce ya dakata a sama, me za a kira wannan zagayen da sassansa da Hausa? Wani ya ce mini jiran gawon shanu ne.

Amsa: Wanda ya faɗa maka haka zolayarka yake yi. Jiran gawon shanu jira ne marar tabbas, shanu na tsaye ƙarƙashin gawo ko 'ya'yansa za su faɗo. Shi kuwa matuƙi, masu kula da zirga-zirgar jirage sukan sanar da shi lokacin da zai sa ran samun izini na gaba. Na fi son a ce shawagin jira, daga shawagin da shirwa ke yi.

Sai dai ba da'ira ba ce. Miƙaƙƙun hanyoyi biyu ne, da kwana biyu da ke haɗa su. Akwai wuri guda da aka ayyana, ko ta tashar rediyon jagora ko ta GPS, wanda jirgin ke komawa kansa kowane zagaye. Wannan ni turke zan kira shi, tun da a nan aka ɗaure jirgin, ko da yake ba a tsakiya yake ba, a ƙarshen hanyar dawowa yake.

Hanyoyin nan biyu Turawa ƙafa suke ce musu. Kada mu bi su, domin da ƙafa ake auna nisan jirgi daga ƙasa, za a rikice. Muna da zango: zangon fita da zangon dawowa. In babu iska, kowanne minti 1 ne a tsayin ƙafa 14,000 zuwa ƙasa, minti 1 da rabi in an haura haka. Kwanar kuwa dama ake sha sai in an ce hagu, digiri 3 a daƙiƙa, wato digiri 180 cikin minti 1. Zagaye guda kusan minti 4 ke nan a tsayin ƙafa 14,000 zuwa ƙasa.

Inda jirgi ya zo daura da turke a zangon fita, nan ake fara duba agogo, sai mu ce daura kawai, kalmar ta wadatar. Gefen da ake shawagin shi ne ɓangaren jira. Jirage da yawa kuma akan jera su hawa-hawa, ƙafa 1,000 tsakani, na ƙasa ya fara sauka, na sama su gangaro ɗaya bayan ɗaya.