Barista, Duk Da Baki Muka Yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Shekara biyu ke nan da muka buɗe gidan abinci, ni da ɗan yayata. Ni na zuba jari, shi ke tsaye a kai. Shagon haya ne, amma mun sa tayil, mun ja ruwa, mun fasa bango mun fitar da kicin. Yanzu mai shago ya ce ko mu ƙara kuɗin haya ko mu tashi. Ga shi makon jiya wani ya zo yana ta faɗa, wai abincinmu ya ɓata wa ɗansa ciki, sai ya kai mu kotu. Ba mu taɓa rubuta komai ba, duk da baki muka yi. Ta ina zan fara?
Daga wata 'yar kasuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Na san mai maganar kotu ne ya hana ki barci, amma ni mai shagon ya fi ba ni tsoro.

A dokokin ƙasashe da yawa, abin da ɗan haya ya kafa ya manne da gini ya zama na mai gini, sai idan an rubuta akasin haka. Tayil ɗinki da bututun ruwa suna cikin wannan. Na taɓa raka wata mata kwashe kaya, tana tsaye tana kallon bututun hayaƙin da ta kashe jarinta a kai, sabon ɗan haya har ya zo da mai fenti. Tukwane da kujeru kaɗai muka fita da su. Sai dai haya da baki ma haya ce, kuma galibi ba a korar ɗan haya sai da notis. Ki tattara rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin waya. Sannan ki zauna da mai shagon. Idan ƙarin ba na zalunci ba ne, ki karɓa, amma da sharaɗin a rubuta yarjejeniya a takarda: shekara nawa, yaushe zai iya ƙari kuma da kashi nawa, ko kina da damar sabuntawa, da makomar gyaran da kika yi ranar tashi.

Maganar yaron kuwa, kada ki raina ta. A 1928, a garin Paisley na Scotland, an saya wa wata mata May Donoghue lemon citta na kwalba a wani shagon shan shayi, ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa wanda ya sarrafa abin yana da alhakin kula da lafiyar mai sha, ko da ba mai shan ne ya biya ba. Kotunan ƙasashe da dama a kan wannan suke tafiya har yau. Amma sai uban ya nuna daga wurinku cutar ta fito. Ki tambayi lafiyar yaron da mutunci, ki nemi takardar likita, ki rubuta me ya ci, da ƙarfe nawa, da su wa suka ci irinsa. Ki hana yaranki musu da shi a WhatsApp. Daga yau kuma ki aje littafin da ake rubuta sanyin firji kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna ƙasa da digiri 5 ko sama da 60, kada ya wuce awa biyu a fili. Alƙali ya fi jin littafi a kan rantsuwar kuku. Lasisin hukumar tsafta da inshora, ba sai na tsaya a kansu ba, ki yi kawai.

Sai ɗan yayarki, wanda ba ki tambaye ni ba. Ma'aikaci ne ko abokin tarayya? Idan ke ba ki sani ba, shi yana da tasa amsar a zuci. Ku yi rajistar kamfani, a rubuta kason kowa, kuɗin ciniki su daina shiga asusunki na kanki. Da haka bashin kamfani ba zai bi ki gida ba, matuƙar ba ki sa hannu kin tsaya masa da kanki ba. Mai shagon zai iya neman ki yi hakan, don haka kada ki sa hannu sai lauyanki ya karanta.