Tallan Imel Ga Mutum 900: Me Ya Sa Saƙon Ya Dawo?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya rubuto mana: "Sabbin kaya sun iso gab da sallah, sai na tura saƙo ɗaya daga Gmail ɗina ga abokan ciniki kusan 900. Wasu suka dawo da lamba 550, daga baya ma akwatin ya ƙi tura komai. Matsalar sabis ce?"

Alhaji, sabis ba shi da laifi a nan. Gmail na kyauta yana da iyaka: mutum 500 a rana. Wanda ya haura, sai a rufe masa turawa, wani lokaci har awa 24. Ko Google Workspace da ake biya, iyakarsa 2,000 ce.

Amma lambar 550 ɗin, wato lambar da ke nuna an ƙi karɓar saƙo, ita ce ta fi damuna. Yawanci tana nufin adireshin ba ya nan, ko an rufe shi, ko yaron shago ya rubuta "gmial" a littafin da kuke tara sunaye. Idan ka ci gaba da turawa ga irin waɗannan matattun adiresoshi, kamfanonin imel za su ɗauke ka a matsayin mai watsa saƙonnin banza. Daga nan, Hajiyar da ke ɗaukar turmi goma duk shekara ba za ta ga tallanka ba, domin ya faɗa akwatin saƙonnin banza (Spam). Asarar ke nan ta gaske. Ka zauna da littafin nan, ka goge duk adireshin da ya dawo.

Kada kuma ka jera kowa a layin "To". Kowa zai ga adireshin kowa, har abokin hamayyarka idan yana ciki, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ba ta yarda da wasa da bayanan mutane ba.

Ka buɗe asusu a kamfanin da aikinsa ke nan, kamar Brevo, mai ba da saƙo 300 kyauta a rana. Cikin kwana uku ka gama da mutanenka, kowa da nasa saƙon daban, da maɓallin fita ga wanda ba ya so. Idan ka sayi adireshi mai sunan shagonka, ka sa mai haɗa maka ya saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito, waɗanda Google da Yahoo suka wajabta wa masu turawa da yawa tun Fabrairun 2024. Ka tura wa kanka gwaji tukuna, ka ga inda ya sauka.