Ruwa garau, amma kifi na mutuwa a sabon tanki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo wa yarana tankin gilashi mai cin lita 60, da filta da tsakuwa da golfish guda shida. Mai shagon ya ce in zuba ruwa in bar shi ya kwana uku, sannan in saka kifin, kuma haka na yi. Ruwan garau yake, amma cikin kwana goma guda huɗu suka mutu, biyun da suka rage suna ta hawowa sama suna haki. Wani ya ce mini wai tankin ne bai nuna ba. Yaya tanki yake nuna? Da kifi a ciki ake yi, ko sai an fitar da su? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri, a kuma rarrashi yara. Wanda ya ce tankin bai nuna ba ya faɗi gaskiya. Kwana ukun da mai shago ya ce ka jira, iyakar amfaninsu shi ne sinadarin kulorin ya fice idan ruwan famfo ne. Abin da ya kashe kifinka daga jikinsu ya fito, kuma ido ba ya ganinsa.

Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya dare da rana, mafi yawanta ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, sauran kuma daga kashi da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. Masu kiwon tarwada a tankin siminti kuwa sun san warin, shi ya sa ba sa wasa da canjin ruwa. A tankin ɗaki, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke yin wannan aiki. Kashi na farko suna cin amoniya su mai da ita nitrait, wadda ita ma guba ce: tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, jinin ya koma ruwan ƙasa, sai ka ga kifi yana haki a sama ko da famfon iska na aiki. Kashi na biyu suna mai da nitrait ta zama nitret, wadda kifi ke iya jurewa har ka rage ta da canjin ruwa. Tun wajen 1890 masanin nan Sergei Winogradsky ya gano irin waɗannan ƙwayoyi, a 1998 kuma binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa ya nuna cewa a tankin ruwan daɗi jinsin Nitrospira ne ke cin nitrait.

Ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a soson filta da tsakuwa da jikin gilashi. Kuma suna da nawar haihuwa ƙwarai, don haka sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su wadata. Wannan shi ne nunar. Kai kuwa ka zuba masu kashi shida a gidan da babu mai shara ko ɗaya.

Da kafin ka sayi kifin ka tambaye ni, da na ce a yi ba tare da kifi ba, kuma ita ce hanyar da nake fifitawa. Za ka cika tanki, ka kunna filta, ka riƙa ciyar da ƙwayoyin da kanka. Idan ka samu amoniya ta kwalba wadda ba a haɗa ta da turare ko sabulu ba (girgiza kwalbar, in kumfa ya tsaya a sama to ajiye ta), sai ka ɗiga har kayan gwajin ruwa su nuna miligiram 2 a kowace lita. In babu, abincin kifi daidai abin da yatsu biyu za su ɗauka kullum ya isa, sai dai yana ɓata ruwa kuma ba ka san adadin da ka zuba ba. Sannan a riƙa gwaji. Da kayan gwajin ruwa irin na kamfanin API, kwalbar gwajin amoniya takan fara da kore, bayan mako ɗaya ko biyu ta soma komawa ruwan ɗorawa, ita kuma ta nitrait ta tashi daga shuɗi ta zama shunayya. A nan mutane suke gajiya, domin shunayyar nan takan zauna mako biyu ko fiye kamar ba za ta tafi ba, sai wata safiya ka gwada ka ga ta koma shuɗi. Tanki ya nuna idan ka zuba amoniya yau, gobe warhaka amoniya da nitrait duk sun koma sifili, nitret kuma ta bayyana. Sai ka canza mafi yawan ruwan ka kawo kifi, kaɗan-kaɗan.

To amma kai kana da rai biyu a ciki, saboda haka da su za a yi. Yau ɗin nan ka canza rabin ruwan, da ruwan da ba shi da kulorin kuma zafinsa ya yi kusa da na tankin. Ka daina ba su abinci kwana biyu, ba abin da zai same su. Bayan haka sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Nan sai ka sa ido a kan yara, don kowa yana so ya ga kifi ya buɗe baki, kuma yawan abinci yana kashe kifi a tankunan gida. Kullum ka gwada, duk lokacin da amoniya ko nitrait ta kai rabin miligiram a lita ka sake canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Kada ka ji tsoron canjin zai kwashe ƙwayoyin, ai ba a ruwan suke ba. Gishiri gram 1 a kowace lita yana rage shigar nitrait cikin jini, golfish kuma suna jure shi. Gishiri ba ya bin tururi, don haka iya na ruwan da ka zubar za ka mayar.

Akwai gajeriyar hanya. In kana da abokin da tankinsa ya yi watanni lafiya, roƙi guntun soson filtarsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda da ruwan tankin, ka cusa a taka filtar. Wannan kan rage jiran sosai. Ka dai tabbata kifinsa ba su da ciwo.

Abubuwa biyu na ƙasarmu suna shiga maganar. Na farko zafi. Ƙwayoyin suna son ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 30 sukan yi sauri, amma amoniya tana ƙara dafi idan ruwa ya yi zafi ko ma'aunin pH ya hau, wato tsamin ruwan ya ragu. A digiri 25, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na amoniyar ne kawai mai dafi a pH 7, a pH 8 kuwa ya kai wajen kashi 5. Ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska sosai, ga golfish kifin ruwan sanyi ne, saboda haka a watan Maris da Afrilu ka nisanta tankin daga taga. Na biyu ɗauke wuta. Ƙwayoyin nan da iska suke rayuwa, in filta ta tsaya sa'o'i da yawa a rufe sai su fara mutuwa, cikinta ya yi wari. Ka nemi ƙaramin famfon iska mai batir. In wutar ta daɗe ba ta dawo ba, ciro soson ka sake shi cikin tankin kusa da kumfar iskar.

Soson nan kada ka taɓa wanke shi a bakin famfo ko da sabulu. In ya toshe, matse shi sau biyu ko uku cikin bokitin ruwan da ka ɗebo daga tankin, ka mayar da shi da ɗan dattinsa.

Maganar sayo wasu huɗu don a cike gurbi, a bar ta. Golfish yana kai santimita 15 zuwa 20 in ya samu kulawa, kuma yana da yawan kashi, lita 60 ko biyun nan za su yi mata yawa nan gaba. In gwaji ya nuna sifili mako guda cur a jere, ka rage canjin ruwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, ka fara tanadin tanki mafi girma.