Za a iya ƙanƙantar da mutum ya koma kamar tururuwa?

Malam, ka tambaya ko na'urar da ake nunawa a finafinai, mai mayar da mutum girman tururuwa, za ta taɓa yiwuwa. Gaskiya ba za ta yiwu ba.

Jikinmu ƙwayoyin zarra ne, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, kuma girman kowace a ƙayyade yake. In aka matse su wuri guda, nauyin yana nan: mai kilo 70 a girman tururuwa ƙasa zai nutse. In kuwa aka zubar da mafi yawansu, ina za a sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan biliyan 86? Wanda ya rage ba kai ba ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zafin jiki. Ƙaramin jiki yana saurin zubar da zafinsa, don haka asubar hunturu ɗaya a Kano ta isa ta kashe mutum mai girman tururuwa. Shi ya sa jaba mafi ƙanƙanta, mai nauyin kusan giram 2, take cin abincin da ya fi nauyinta kullum.

Wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano kuwa, da biliyoyin taransista ('yan mitsi-mitsin makunnan lantarki) a cikinsu, ba ƙanƙantar da su aka yi ba, tun farko a ƙanana aka ƙera kayan.