Hukuma na shirin soke lasisina, dillali ya ce in yi shiru

Tambaya: Barista, hukumar da ta ba ni lasisin kasuwanci ta aiko mini da takarda, wai na saɓa sharuɗɗa, in kawo dalilin da zai hana a soke shi. Wani da ya san mutane a ciki ya ce kada in ba da amsa, kada in ɗauki lauya, zai kashe maganar. Kwanaki na ta tafiya, hankalina a tashe yake.

Amsa: Malam, ba a soke lasisinka ba tukuna. Ƙa'ida ce a shari'a cewa ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa, takardar nan kuwa ita ce damarka. Amma tana da wa'adi, kuma a nan ne dillalin naka yake neman kai ka ya baro.

Kullum muna fama da masu zaton cewa muddin "ana magana a ciki", wa'adi ya tsaya. Bai tsaya ba. Alkawarin baka daga bakin ma'aikaci ba ya shiga fayil. Ranar da kwamiti zai zauna, abin da ke rubuce kaɗai zai duba: zargi, sannan shiru daga gare ka. Da wannan shirun za a ce an ba ka dama ka yi watsi da ita, ka ga babbar hujjar da lauya zai riƙe a kotu ta tafi. Wa'adin ɗaukaka ƙara ma gajere ne. A Ingila, alal misali, dokar lasisi ta 2003 kwana 21 kacal ta bayar. Sai lokaci ya ƙure ake zuwa wurinmu da takarda a ninke cikin aljihu, shi kuwa dillali ya kashe waya. Idan ma ya miƙa wa wani kuɗi da sunanka, matsalar lasisi ta koma tuhumar cin hanci, kai ne kuma za ka amsa.

Yau ɗin nan ka rubuta ranar da takardar ta iso hannunka, sau da yawa daga nan ake fara ƙidaya. Haɗa lasisin da sharuɗɗansa, rasitan sabuntawa da rahotannin masu duba wuri, ka kai wa lauyan da ya saba da wannan hukumar. Zai duba ko sashen dokar da suka ambata ya ba su ikon sokewa, ya nemi kwafin hujjojinsu, ya amsa zargi ɗaya bayan ɗaya, a buga hatimin karɓa a kwafinka. In kuwa da gaske ka saɓa, gyara yanzu ka kawo shaida, lauya ya roƙi gargaɗi ko ƙarin sharaɗi maimakon sokewa.

Idan an soke duk da haka, kada ka ɗauka shigar da ƙara ya ba ka izinin buɗe wurin. A wasu dokokin hukuncin sokewar na jira har a gama shari'a, a wasu sai kotu ta ba da umarnin dakatarwa. Tambayi lauyanka kafin ka buɗe ƙofa.