Ga ɗan'uwan da aka ɗora wa shugabancin mawaƙa

Salama gare ku duka. Ƙanena, ka ce an zaɓe ka shugaban mawaƙan ikilisiyarku bayan an yi wa mai riƙe da su canjin wurin aiki, ba ka taɓa shiga makarantar kiɗa ba, kana tambaya ta ina za ka fara, kuma ko mutum zai iya mai da wannan aiki sana'ar da zai ci abinci da ita. Waɗanda suka riga ni amsawa sun ce ka dage da addu'a. Gaskiya suka faɗa. Ni zan ƙara da abin da ake yi bayan an ce amin, don na daɗe ina tsayawa gaban kwaya, wato mawaƙan ikilisiya, a sashen Hausa, har waɗanda na koya wa suna yara yanzu 'ya'yansu ne ke zaune a layin gaba.

Bari in fara da maganar kuɗi, tun da ita ce mutane ke jin nauyin faɗa. A nan Arewa shugabancin mawaƙa shi kaɗai ba ya riƙe gida. A yawancin majami'unmu aikin sa kai ne, zaɓe ake yi, wa'adi ya cika a sake ko a bar ka. Wani wurin ma mai buga kibod ana ba shi ɗan abin sabulu a ƙarshen wata, kai da ka koyar da waƙar sai "Allah ya sa albarka". Ni da albashin koyarwa na yi rayuwa. Abin da kwaya ta kawo mini shi ne gayyata in koyar a wata ikilisiya, ko alƙalancin gasar mawaƙa, a ba ni kuɗin mota da ɗan ƙari. In kana da aiki ko karatu, kada ka sake shi.

Ko waɗanda suka yi suna a ƙasar nan, dubi inda ƙafarsu ta tsaya. T. K. E. Phillips ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan, ya dawo ya zama mai buga ogan, wato babban kayan kiɗan majami'a, da shugaban mawaƙan babbar majami'ar Angilika ta Legas daga 1914 zuwa 1962, shekara 48 a kujera ɗaya. Fela Sowande, shahararren mai tsara kiɗa, a ƙarƙashinsa ya yi waƙa yana yaro. To amma wannan majami'a ce mai ƙarfi da ta ware kujera ta musamman don kiɗa, irinta kuwa ba su da yawa. Laz Ekwueme, ƙanin Alex Ekwueme da ya yi mataimakin shugaban ƙasa, an haife shi a Oko ta jihar Anambara a 1936. Ya yi kwalejin kiɗa ta Royal a Landan, ya koyar a Nsukka, ya yi digirin digirgir a jami'ar Yale ta Amurka, sannan ya dawo Jami'ar Legas a 1974 ya kafa ƙungiyar mawaƙansa, har aka ba shi kula da mawaƙan ƙasa a bikin Festak na 1977. Sunan da duniya ta san shi da shi na mai jagorantar mawaƙa ne, amma albashi na farfesa ne. Haka tsarin yake kusan ko'ina: koyarwa ce ke ciyarwa, kwaya ce ke fitar da suna. In har zuciyarka ta nace kan wannan hanya, takarda za ka nema. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas tana ba da difloma ta shekara biyu, makarantar tauhidi ta Baptis a Ogbomosho tana koyar da kiɗan ikilisiya, wasu kwalejojin ilimi ma suna da sashen. Da wannan takardar za ka koyar a makaranta, ka riƙe kwaya da yamma.

Rashin makaranta kuwa kada ya karya maka gwiwa a yanzu. Robert Shaw, wanda Amurkawa ke ɗauka a matsayin babban gwaninsu a wannan fage, ɗan fasto ne, ba kiɗa ya karanta a kwaleji ba. Da ƙungiyar waƙa ta ɗalibai ya fara, ya yi ta koyo yana aiki, har Toscanini, shahararren mai jagorantar makaɗa, ya riƙa ba shi shirya masa mawaƙa, daga baya ya shugabanci makaɗan birnin Atlanta daga 1967 zuwa 1988. Ba ina ce maka za ka zama shi ba. Na kawo shi ne saboda wata dabararsa da nake amfani da ita, zan zo kanta.

Abin da jama'a ke gani ranar Lahadi, kana ɗaga hannu kana saukewa, shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. Waƙa a ranakun koyo ake gama ta. In ba ta zauna ranar Alhamis ba, duk rawar hannun da za ka yi a gaban bagade ba za ta cece ta ba.

Don haka abu na farko, ka iya solfa har ta zama maka kamar karatun Hausa. Do, re, mi ɗin nan da muke rubutawa a allo wani fasto ne Baturen Ingila, John Curwen, ya yaɗa ta a ƙarni na 19, ya ɗauko tushenta daga wata malama Sarah Glover, kuma don talakawan da ba su da fiyano aka tsara ta. Shi ya sa ta karɓe mu. Ka san alamomin lokaci, wato ɗigo biyu, ɗigo ɗaya, waƙafi da karan jan murya, ka san abin da sautukan "fi" da "ta" suke nufi in sun ɓullo a tsakiyar layi. Kada ka shiga wurin koyo da waƙar da ba za ka iya rera muryoyinta huɗu, wato sofrano, alto, tena da bas, kai kaɗai ba. Sofrano kowa ya iya. Alto da tena ne ke tona asirin shugaba, domin ranar da tena suka ɓace suka bi bayan sofrano, dukansu kai za su kalla. Daga baya ka koyi rubutun kiɗa na layi biyar, don yawancin waƙoƙin duniya a cikinsa suke, jarrabawar kiɗa ma da shi ake yi.

Ga dabarar Shaw. Kafin a sa kalmomi, mawaƙa su rera sautin waƙar da ƙirga: ɗaya da biyu da uku da huɗu da, a hankali, da murya ƙasa ƙasa. Kowa yana ƙirga, babu mai jingina da na kusa da shi. Nan take za ka ji wanda ke shiga a makare da wanda ke yanke dogon sauti kafin lokacinsa. Mawaƙana sun yi ta gunaguni da farko, wai na mai da su 'yan aji ɗaya. Da suka ji yadda baiti ke ƙarewa tare, "s" ɗin ƙarshe ta fito sau ɗaya maimakon ta yi ta zuba ɗaya bayan ɗaya, su da kansu suke cewa a ƙirga tukuna.

Sauran ciwon kwayoyinmu shi ne zamewar murya. A fara waƙa a ki ɗaya, wato matakin sautin da aka ɗora ta, a ƙare ta ƙasa da shi, mai kibod yana ta harararka. Yawanci sautukan "mi" da "ti" ne ake rerawa ƙasa da inda suke, ko kuma in waƙa tana gangarowa a riƙa yin taku mai faɗi. Gajiya da ƙarancin numfashi su ma suna jawo shi. Kada ka yi ta ihun "ku ɗaga". Tsayar da su, a gyara tsayuwa, a ja numfashi daga ciki ba daga kafaɗa ba, a maimaita layin a hankali. Wani lokaci in ka ɗaga ki ɗin da rabin taku sai ka ga waƙar ta tsaya cak. Kuma a riƙa koyo babu kibod, ko da akwai wuta. Kwayar da ta saba da jingina da kibod, ranar da wuta ta ɗauke ana tsakar sujada za ka sha kunya.

Maganar hannu gajeriya ce. Ka koyi bugun huɗu, na uku da na biyu a gaban madubi, bugun farko kullum ƙasa yake sauka. Abin da ya fi duka shi ne ɗaga hannun da ke zuwa kafin a fara: ka ja numfashi tare da su a daidai saurin waƙar, za su shiga tare. Ka rage motsi. Kuma ka daina rera waƙa kana jagoranta, don mai rerawa kansa yake ji, ba ya jin bas da suka kauce.

Yanzu harshe, inda na fi so ka daɗe kana tunani. Yawancin waƙoƙin da ke Littafin Waƙoƙi fassara ce, an ɗora Hausa a kan karin da aka yi don wani harshe. Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, mawaƙan Hausa na baka da na rubutu a kan wannan awo suke gina waƙa. In dogon sauti ya faɗa kan gajeriyar gaɓa, kalmar takan karkace, tsohuwar da ke zaune a baya ta ji kiɗa amma ba ta ji magana ba. Kwatanta da 'yan Zumuntar Mata in sun tashi da tulu da ganga da caki, mai bayarwa ta bayar, a amsa: kafin baiti na biyu majami'a duka ta ɗauka, don da Hausa aka haifi waƙar. Ni a ganina shugabannin kwaya da yawa suna raina waƙar matan nan alhali wurinsu ya kamata su je ɗaukar darasi. Ekwueme ya yi rubuce-rubuce a kan yadda hawa da saukar murya a harshen Ibo ke juya karin waƙa, Ephraim Amu na Gana shi ma ya yi ta fama da wannan a harsunan Tiwi da Ewe. Mu a Hausa aikin yana nan jibge. Abin da nake yi, kafin mu rera sabuwar waƙa sai mu karanta kalmominta da baki kamar zance. Inda kari ya murɗe kalma, in waƙar tamu ce mu gyara, in ta littafi ce da jama'a suka saba mu sassauta nauyin wurin. Ka tuna kuma kwayarka ta haɗa Birom, Angas, Bajju, Tangale da sauransu, Hausa ce ta tara su. Wani ba ya bambanta ƙ da k, wani ɗ da d. Ka gyara cikin raha, kada ka kwaikwayi bakin kowa a gaban mutane.

Wannan ya kawo ni kan mutane, su ne za su fi ba ka wahala, ba waƙa ba. Mawaƙanka ba albashi kake ba su ba. Wata daga kasuwa ta taso da goyo a baya, wani daga gona, wani ya yini a kan babur. Ka fara a kan lokaci ko da mutum biyar ne, ka tashi a kan lokaci, musamman inda dare ba shi da tabbas. In suka gane ba ka ɓata musu lokaci, za su zo. Tena kullum ƙaranci suke yi, wanda ka rena kuma sai makaranta ko bautar ƙasa ta ɗauke shi, saboda haka ka riƙa sa ido a kan 'yan makarantar Lahadi. Yaron da muryarsa ke fashewa kada ka kore shi, kada kuma ka tilasta masa hawa sama. Ka ajiye shi inda yake jin daɗi har ta zauna. Rabon solo yana raba zumunci fiye da yadda kake zato. Ka riƙa juya shi, ka kuma faɗi dalilinka a fili. Akwai kuma mama mai shekaru da muryarta ta fara rawa amma ba ta taɓa fashin koyo ba. Ni ba na cire irinta. Nakan sa ta tsakanin masu ƙarfi biyu, nesa da makirfo. Wasu za su ce wannan sassauci ne, na yarda, amma kwayar ikilisiya ba ta gasa kaɗai ba ce.

Abu biyu ke kayar da shugabannin mawaƙa, na kuma ga waɗanda suka fi ni baiwa sun faɗi a kansu: kuɗi da 'yan mata. Kuɗin yunifom, na mota zuwa biki ko jana'iza, kyautar da aka ba kwaya, kada ko sisi ya kwana a aljihunka. A zaɓi ma'aji da sakatare, a karanta lissafi a gaban kowa. Kada ka koya wa yarinya waƙa ku biyu a ɗaki, kome kyan niyyarka. Da fasto da dattawa kuma, ka nemi nassin wa'azi tun farkon mako don waƙarku ta tafi tare da shi, in an ba ku minti biyar kada ku ci goma. Shugaban da ke ja da fasto a kan lokaci, ko ya yi nasara mawaƙansa ne ke biya.

Shirin Kirsimeti ka fara shi tun Satumba. Disamba tana zuwa da hunturu, ƙura ta busar da maƙogwaro, rabin sofrano su kama mura. Lokacin ba na koyon sabon abu ba ne, na gogewa ne kawai. A sha ruwa sosai, a daina ƙwala murya don a rinjayi lasifika, a rage ƙarar ganga a wurin koyo. Kai ma ka kula da kunnenka, kada ka riƙa tsayawa a bakin lasifika, da shi kake aiki. Wayar hannu ta kawo sauƙin da mu ba mu samu ba: rera kowace murya ka tura a WhatsApp su saurara a gida. Sai dai wanda ya haddace daga waya bai iya karatu ba, don haka kada allo ya mutu. Ware minti goma a kowane zama don solfa zalla.

Tun wannan watan ka ɗauki mataimaki, mace ko namiji, ka riƙa ba shi waƙa ɗaya ya koyar kana zaune a baya. Daga can za ka ji abin da ba ka ji daga gaba. Ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, duk waƙar da kuka koya a rubuta ta da muryoyinta huɗu da ki ɗinta da ranar da aka rera ta, ya zama na ikilisiya ba naka ba. In akwai waƙar da ta gagare ku yanzu, ɗauki hoton solfarta ka turo, ka faɗa mana yawan mutanen da kake da su a kowace murya, mu duba ta tare.